Shin Gani Yakan Kori Ji? Yadda Hujja Ɗaya Take Ƙara Raba Masu Gardama

Wannan ita ce laccar da aka gabatar a babban zauren taro cikin makon ɗalibai. Mun buga ta kamar yadda aka karanta.

 

Hausawa sukan ce gani ya kori ji. Kusan dukkanmu mun tashi da imanin cewa idan mutum biyu suna gardama, ƙarancin bayani ne ya hana su daidaitawa. Da za a kawo hujja a baje a gabansu, da kowa ya sassauto, sun haɗu a tsakiya. A kan wannan imani aka gina kotu, da kwamitin bincike, da ofishin ƙididdiga, har da wannan jami'a da muke ciki. Abin da nake so in nuna muku yau shi ne, sau da yawa akasin haka ke faruwa. Mutum biyu sukan karanta takarda ɗaya, su dubi lissafi ɗaya, sa'an nan su tashi kowanne ya fi dā kafewa a kan ra'ayinsa, ya kuma fi dā zargin ɗan'uwansa. Zan kawo gwaje-gwajen da masana halayyar ɗan'adam suka yi a kan wannan al'amari, in bayyana yadda yake aiki, sa'an nan in dawo gida, domin mu ma ya taɓa mu a wurin da ya fi zafi.

Bari mu fara da wasa, tun da shi ne ya fi sauƙin ganewa. A watan Nuwamba na 1951 ɗaliban jami'o'i biyu na Amurka, Princeton da Dartmouth, suka kara a wasan ƙwallo irin nasu, wanda ake rungumar ƙwallo ana ture-ture. Wasan ya yi muni ƙwarai. An karya wa gwanin Princeton hanci, an kuma karya wa wani ɗan wasan Dartmouth ƙafa. Bayan an tashi, jaridun ɗalibai na makarantun biyu suka yi ta ɗora wa juna laifi. Sai malamai biyu, Albert Hastorf da Hadley Cantril, suka ɗauki fim ɗin wasan suka nuna wa ɗalibai a kowace makaranta, suka ce kowa ya ƙirga laifuffukan da ya gani. Ɗaliban Princeton suka ƙirga wa 'yan wasan Dartmouth laifi kusan 10. Ɗaliban Dartmouth kuwa, a cikin fim ɗin nan guda, laifi 4 da ɗoriya kaɗai suka gani daga 'yan wasansu. An buga sakamakon a 1954. Ku lura, ba a tambaye su abin da suka ji a gari ba. An zaunar da su, an nuna musu, kuma babu alamar cewa ƙarya suke yi. Abin da idonsu ya ba su ke nan.

Wani zai ce ai wasa ne, kowa ya san so hana ganin laifi. To, bari mu shiga batun da ya shafi rai. A 1979 masana uku a Jami'ar Stanford, Charles Lord da Lee Ross da Mark Lepper, suka zaɓi ɗalibai 48. Rabinsu masu goyon bayan hukuncin kisa ne, suna ganin yana tsoratar da masu niyyar kisan kai. Sauran rabin suna ƙin hukuncin, suna ganin ba ya hana kome. Aka ba kowane ɗalibi rahoton bincike guda biyu. Ɗaya ya gwada yawan kisan kai a wasu jihohi kafin a kafa dokar da bayan an kafa ta. Ɗayan ya gwada jihohi maƙwabtan juna, wannan tana da dokar, waccan ba ta da ita. Rahoto ɗaya ya ce hukuncin yana rage kisa, ɗayan ya ce ba ya ragewa.

Ga inda dabarar take. Duka rahotannin biyu masanan ne suka ƙaga su. Rabin ɗaliban an ba su takardun da ke cewa hanyar farko ce ta nuna amfanin hukuncin, sauran rabin an juya musu, aka ce hanya ta biyu ce ta nuna haka. Saboda haka idan ɗalibi ya yabi wata hanyar bincike ko ya kushe ta, ana iya gane ko hanyar yake dubawa, ko sakamakon da ta haifar.

Abin da ya fito shi ne, kowane ɓangare ya ce rahoton da ya goyi bayansa shi ne aka yi da kyau, shi ne mai gamsarwa. Wanda ya saɓa masa kuwa, nan da nan ya tono masa aibobi: shekarun da aka duba sun yi kaɗan, jihohin ba su yi kama da juna ba, akwai wasu dalilai da ba a lissafa ba. Yawancin aibobin nan gaskiya ne. Sai dai hanyar binciken da mutum ya yi wa kaca-kaca idan ta saɓa masa, ita ce takwaransa mai ra'ayi irin nasa ya karɓa hannu bibbiyu da aka juya sakamakon. Da aka tambaye su a ƙarshe, masu goyon baya suka ce sun ƙara goyon baya, masu ƙi suka ce sun ƙara ƙi. Takardu iri ɗaya aka ba su, masu nauyi daidai ta kowane gefe, amma tazarar da ke tsakaninsu ƙaruwa ta yi.

Yaya haka ke faruwa ga mutane masu hankali? Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na ɗan kasuwa mai mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Bambancin kawai, shi ɗan kasuwa ya san abin da yake yi, mu kuwa galibi ba mu sani ba. Idan labari ya zo daidai da abin da muke so, tambayar da zuciya takan yi ita ce: shin zai yiwu in yarda da wannan? Dalili ɗaya ya isa. Idan ya zo saɓanin abin da muke so, sai tambayar ta sauya: shin tilas ne in yarda da wannan? Nan ma aibi ɗaya ya isa a yar da shi. Da yake babu binciken da ɗan'adam zai yi ya rasa aibi, mai neman dalilin ƙi ba zai taɓa komawa hannu wofi ba.

Ku bi lissafin a hankali. A ce akwai hujja goma a kan wani batu, biyar suna nan, biyar suna can. Malam na ɗaya ya karɓi biyar ɗinsa ba tare da bincike ba, ya tankaɗe biyar ɗin abokin gardamarsa har ya zubar da huɗu. A wurinsa yanzu hujja biyar ce ke fuskantar ɗaya. Malam na biyu ya yi haka nan ta nasa gefen. Kowannensu ya tashi da yaƙinin cewa ya duba ɓangarorin biyu, kuma lalle ya duba, har ya fi daɗewa a kan na abokin gardamarsa. Wannan daɗewar ce ma take ƙara masa ƙarfin gwiwa, domin yana ganin ya ji iyakar abin da za su iya faɗi, ya kuma rushe shi. Bayan wata guda, abin da zai tuna shi ne ƙarfin hujjojinsa da raunin nasu.

Daga nan sai mataki mafi haɗari. Tun da kowa yana jin cewa shi yana ganin al'amari yadda yake ne, ba ƙari ba ragi, sai ya tambayi kansa: me ya sa wancan ya ga abin da na gani amma bai yarda ba? Da farko zai ce bai fahimta ba. Idan ya sake yi masa bayani bai sauya ba, sai ya ce ko dai daƙiƙi ne, ko an saye shi, ko yana da wata mugunyar manufa. A nan ne saɓanin ra'ayi yake zama gaba. Kuma da zarar an kai nan, duk abin da ya fito daga bakin wancan ya zama abin tuhuma tun kafin a ji shi. Wanda ba ya ƙaunarka, ko ruwa ka shiga sai ya ce ka ta da ƙura.

Kada ku ɗauka Turawa ne suka fara lura da wannan cuta. A 1377 Ibnu Khaldun ya rubuta Muƙaddimarsa a wata ganuwa cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu. Da ya zo lissafa dalilan da ke sa ƙarya ta shiga tarihi, abin da ya sa a gaba shi ne ɓangaranci ga wani ra'ayi ko wata mazhaba. Ya bayyana cewa mai tsayayyar zuciya yakan bincika labari kafin ya karɓa, amma wanda ya riga ya karkata yakan karɓi abin da ya dace da karkatarsa nan take, watau karkatar ta zame masa yana a ido. Ya kuma yi kashedi na musamman a kan adadi, irin yawan mayaƙa da yawan dukiya, inda ya ce a nan marubuta suka fi sakin linzami. Shekara 602 tsakaninsa da gwajin Stanford, amma ciwon da suka gano ɗaya ne.

Yanzu ga tambayar da ta shafe ku kai tsaye: shin ilmi yana maganin wannan? Za mu so a ce e, tun da neman ilmi ya tara mu a nan. A 2013 Dan Kahan na Jami'ar Yale da abokan aikinsa suka gwada Amurkawa fiye da 1,000. Da farko suka auna ƙwarewar kowa a lissafi. Sa'an nan suka ba su wani jadawali a kan man shafawa na maganin ƙuraje. Cikin waɗanda suka shafa, 223 sun sami sauƙi, 75 abin ya ƙaru. Cikin waɗanda ba su shafa ba, 107 sun sami sauƙi, 21 abin ya ƙaru. Mai gaggawa zai ga 223 ya fi 107, ya ce man yana aiki. Wanda ya tsaya ya raba zai ga kashi 75 cikin 100 na masu shafawa ne suka sami sauƙi, alhali na marasa shafawa kashi 84 ne. Kamar yadda ake zato, gwanayen lissafi sun fi samun amsar daidai.

Sai aka ba wasu mutanen waɗannan lambobi, ba a sauya ko ɗaya ba, amma aka ce lissafi ne na garuruwan da suka hana yawo da bindiga a ɓoye da waɗanda ba su hana ba, da ƙaruwar laifuffuka ko raguwarsu. Batun bindiga kuwa yana cikin abubuwan da suka fi raba Amurkawa a siyasa. Nan take al'amari ya sauya. Gwanayen lissafi suka riƙa samun amsar daidai idan ta dace da ra'ayin jam'iyyarsu, idan ta saɓa kuwa da yawansu suka tsaya a kan amsar gaggawa. Tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta fi faɗi a tsakanin gwanaye fiye da tsakanin marasa ƙwarewa. Ma'anar wannan a gare mu a fili take. Digiri yana ƙara wa mutum kaifin wuƙa, amma ba ya zaɓar masa abin da zai yanka. Mai ilmi ya fi jahili iya tono aibin hujjar da ba ya so, saboda haka ya fi shi iya kāre kuskurensa.

To, idan masu gardama sun kasa, ba sai a nemi mai raba gardama ba? A nan ma akwai matsala. A watan Satumba na 1982 aka yi wa Falasɗinawa kisan gilla a sansanonin Sabra da Shatila a Bairut. Robert Vallone da Ross da Lepper suka tara labaran talabijin na Amurka a kan al'amarin, suka nuna wa ɗalibai masu goyon bayan Larabawa da masu goyon bayan Isra'ila. Aka buga sakamakon a 1985. Kowane ɓangare ya ce labaran sun karkata ga abokan gabarsa, kowanne kuma ya ji tsoron cewa wanda ba shi da ra'ayi, in ya kalla, zai juya musu baya. Ban kawo wannan don in ce babu gaskiya a cikin abin da ya faru a Bairut ba. An kashe bayin Allah da ba su ɗauke da makami, wannan tabbas ne. Abin lura shi ne, labari guda ba zai yiwu ya karkata gabas ya kuma karkata yamma a lokaci ɗaya ba. Wanda ya tsaya a tsakiya, kowane gefe yakan hango shi a can ɗaya gefen. Ku riƙe wannan, ku da za ku zama alƙalai da 'yan jarida da sakatarorin kwamiti.

Yanzu bari mu dawo gida. Babu abin da ya kamata ya fi ƙidayar jama'a sauƙin yarda, tun da ƙirga kawuna ne kurum. Amma a Nijeriya yawan jama'a shi ke raba kujerun majalisa, yana kuma cikin ma'aunin rabon kuɗin tarayya, saboda haka kowa ya san amsar da yake so tun kafin a fara ƙirga. An yi ƙidaya a watan Mayu na 1962, gardama ta tashi, aka soke ta. Aka sake wata a Nuwamba na 1963, ta ba da mutum miliyan 55.6, Jihar Arewa tana da miliyan 29.8. Firimiyan Jihar Gabas, Dokta Michael Okpara, ya ƙi amincewa, gwamnatinsa ta kai ƙara Kotun Ƙoli, kotu ta ce ba ta da hurumin sauraron ƙarar. Wannan rikici yana cikin abubuwan da suka ɓata zaman Jamhuriya ta Farko. Ƙidayar 1973 ta ba da miliyan 79.8, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da miliyan 88.9. Ta 2006 ta ba da miliyan 140.4, Jihar Kano tana da miliyan 9.4, Jihar Ikko miliyan 9.1, sai gwamnatin Ikko ta ce nata lissafin ya nuna miliyan 17.5. Wadda aka shirya yi a 2023 kuwa ɗage ta aka yi.

Ku ɗauki alƙalami ku gwada. Daga 1963 zuwa 1973, shekara 10, ƙarin ya kai kashi 43 cikin 100. Daga 1973 zuwa 1991, shekara 18, ƙarin kashi 11 ne kacal. Ba zai yiwu duka lambobin nan su zama daidai ba. Kowa ya yarda an yi aringizo a wani wuri. Abin da ya dace da batunmu shi ne inda kowa yake nuna yatsa. Mutumin Kudu zai ce a Afirka ta Yamma an saba ganin jama'a sun fi taruwa kusa da teku, ya kawo yawan 'yan makaranta da cunkoson birane, ya ce kulle ya hana masu ƙidaya ganin matan da aka rubuta. Mutumin Arewa zai kawo faɗin ƙasa, da cikar ƙauyukan da ke kewaye da Kano, da auren wuri da yawan haihuwa, ya tuna masa ƙauyukan Kudu da aka ce an ƙirga mutanen da ba su nan. Kowace magana a cikin waɗannan tana da ƙamshin gaskiya, kowace kuma tana da amsa. Amma da wuya ka sami wanda ya bincika lambar garinsu da irin tsananin da ya bincika ta garin wasu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kowace sabuwar ƙidaya, maimakon ta kashe gardama, sai ta zama ƙarin shaida ga kowane ɓangare cewa ɗayan maguɗi ne.

Wa ya biya kuɗin wannan? Kusan shekara 30 ma'aikatu suna tsara makarantu da asibitoci da rijiyoyi bisa kintace daga lambobin 1963. Da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a Satumba na 1976, an yi tanadin yara kamar miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka zo. Rashin lissafin da za a dogara da shi yana cikin dalilan da suka sa aka rasa azuzuwa da malamai. Yaron da ya yi karatu a gindin bishiya bai san an yi gardama ba, amma shi ya ɗauki nauyinta.

Adalci ya wajabta in faɗi iyakar wannan magana, kada mu ma mu auna ta da babban mudu don ta yi mana daɗi. Na farko, masanan da suka maimaita gwajin Stanford daga baya sun tabbatar da son kai wajen auna hujja, amma da suka auna ra'ayin mutane kafin karatu da bayansa, sun ga ƙarin nisan bai kai yadda mutanen suke faɗi da bakinsu ba, kuma ba kowa yake samu ba. A 2006 Charles Taber da Milton Lodge suka nuna cewa ya fi kama masu zafin ra'ayi da masu yawan sani a kan siyasa. Watau mafi yawan jama'a suna iya sauyawa idan hujja ta taru. Shugabannin gardama ne suka fi wuyar sha'ani. Na biyu, ba kowane shakku ne son zuciya ba. Idan wani ya ce maka ya taka daga Kano zuwa Maiduguri cikin yini ɗaya, kana da haƙƙin ƙaryata shi ko da ya zo da shaidu, domin abin da ka riga ka sani tabbatacce ne. Kuskuren yana zuwa ne a wuri biyu: inda ra'ayinka na farko ba a kan sani ya tsaya ba, a kan so ko ƙabila ko jam'iyya ya tsaya, da inda ka tankaɗe hujja da ra'ayinka, sa'an nan ka juyo ka ce abin da ya rage a rariya ya tabbatar da ra'ayin naka.

Mene ne magani? Abu na farko da za a sani shi ne, kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. A 1984 Lord da Lepper da Elizabeth Preston suka sake gwajin hukuncin kisa. Wasu ɗalibai aka gargaɗe su da su yi adalci kamar alƙali, kada su nuna son kai. Wannan gargaɗi bai hana kome ba, domin kowa ya riga ya ɗauka shi adali ne. Wasu kuma aka ce musu, a kowane mataki su tambayi kansu: da wannan bincike, da wannan hanya tasa, ya ba da akasin wannan sakamako, shin haka zan yabe shi ko in kushe shi? Wannan tambaya guda ita ta yi aiki. Saboda haka shawarata ta farko ita ce ku riƙe ta, ku yi wa kanku ita duk lokacin da rahoto ya faranta muku rai, domin a lokacin ne mai gadi yake barci.

Ta biyu, kafin ka buɗe rahoto, ka rubuta a takarda irin sakamakon da in ka gan shi za ka sauya ra'ayi. Idan ka rasa abin rubutawa, to ka sani ba hujja ce ta kai ka inda kake ba, kuma ba hujja za ta fitar da kai ba. Ta uku, a yarda da mudu kafin a fara awo. Ko ƙidayar ƙasa ce, ko zaɓen Ƙungiyar Ɗalibai, ko ganawa da masu neman aiki, a zauna da dukkan ɓangarori a amince da hanya da ma'auni tun ba a san wanda za su fifita ba. Bayan sakamako ya fito, babu sauran mai iya duban hanya da ido ɗaya.

Ta huɗu, kada ka soki ra'ayin mutum sai ka iya faɗinsa yadda shi da kansa zai ce, haka nake nufi. Malamanmu na zaure sun gāji fanni sukutum a kan ladubban bincike da munazara. A fiƙihun Malikiyya da kotunan alƙalai suke bi, ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, ba a kuma karɓar ta uba domin amfanin ɗansa, ko da mutanen kirki ne. Shari'a ba ta ce maƙaryata ne ba. Ta san dai abin da so da ƙi suke yi wa ido. A duk gardamar da kake da rabo a cikinta, kai ne wannan uban, kai ne kuma wannan maƙiyin.

Ta biyar taku ce, ma'aikata. Idan fayil ya zo teburinka za ka rubuta shawara ga na gaba da kai, ka ware sakin layi guda ka kawo hujja mafi ƙarfi da ke saɓa wa shawararka, ka kawo ta da ƙarfinta, kada ka rage mata gishiri. Babban Sakatare ba shi da lokacin karanta duk abin da ka karanta; abin da ka zubar, ya zube ke nan har abada. Haka kuma saƙon da ya shigo wayarka ta WhatsApp ko Facebook yana tabbatar da abin da ka daɗe kana zargin wasu mutane da shi, shi ya fi cancantar ka bincika kafin ka tura wa wani.

'Yan'uwa ɗalibai, ba ina kiranku ku zama marasa ra'ayi ba ne. Ƙasa tana bukatar masu tsayawa a kan abin da suka gaskata, kuma akwai batutuwan da gefe ɗaya ne ke da gaskiya. Amma nan da 'yan shekaru kaɗan ku za ku riƙe ofisoshin ƙididdiga da kotuna da jaridu da kwamitocin bincike, ku zauna teburi ɗaya da waɗanda suka tashi a wani gari, suka ji wani labari dabam tun suna yara. Idan kowannenku ya zo da mudunsa biyu, kowane sabon rahoto zai ƙara nisanta ku, har a kai ranar da babu lambar da za a faɗa kowa ya yarda. Idan kuwa kun saba tun daga nan da auna naku da na wani da mudu ɗaya, to ko ba ku daidaita ba, za ku san a kan me kuka saɓa, kuma za a iya ci gaba da aiki.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.  Allah ya nuna mana gaskiya, ya ba mu ikon bin ta ko da daga bakin abokin gardama ta fito.